Bashi a ƙasar Gwandu: daga jinginar gona zuwa manhaja

1/ Kafin ka danna manhajar bashi, tsaya in ba ka tarihi.

2/ Zamanin Malam Abdullahi na Gwandu, wanda ya rasu a 1829, da fiƙihun Malikiyya alƙalai ke hukunci: kuɗin ruwa haramun, wanda ya karye kuma a jira shi ya samu.

3/ A ƙauyuka irin namu Wurogauri, jinginar gona aka sani. Mai kuɗi ya yi ta nomanta har ka biya. Malamai suka ce kuɗin ruwa ne a fakaice.

4/ Yau mutuncinka ne jinginar. Ka makara, manhaja ta tura wa surukanka saƙo.

5/ Tun 2022 hukumar FCCPC ta wajabta musu rajista. Duba jerinta tukuna. In sun tozarta ka, kai ƙara can.