Daga Duwatsu Uku Zuwa Tukunyar Gas: Tarihin Wutar Girki a Madarunfa

Kafin farin shekarun 1970, itacen girki ba abin lissafi ba ne a ƙasar Madarunfa. Ga fadamar Gulbin Maraɗi, ga dajin Babban Rafi, ga karan hatsi bayan girbi. Uwargida ta kafa duwatsu uku, ta ɗora tukunya, shi ke nan. Sai dai wannan murhu na kaka da kakanni ɓarnarsa ta fi aikinsa yawa: cikin kashi 100 na zafin itacen, kashi 10 zuwa 15 kaɗai ke shiga tukunya, saura iska ce ke kwashewa.

Farin 1973 da na 1984 su suka tona wannan ɓarna. Itatuwa suka mutu, birnin Maraɗi kuma yana ta cika yana batsewa, motoci da amalanke suna kwaso masa itace daga kudu. Abin da ake tsinta kyauta ya zama na sayarwa. A shekarun 1980 aka fara yaɗa ingantattun murahu iri biyu a Nijar: Mai Sauƙi, na ƙarfe, wanda maƙera ke ƙerawa, da Albarka, na laka, wanda mace ke iya ginawa da hannunta. Dabararsu ɗaya ce: a kare wuta daga iska, a matso da harshenta jikin tukunya.

A 1992 gwamnati ta yi dokar da ta kafa kasuwannin itace na karkara. Mutanen ƙauye suka samu ikon sara da sayarwa bisa ƙa'ida, wani kaso na harajin yana tsayawa a hannunsu, itacen da aka saro ba tsari kuma harajinsa ya fi tsada. Babban Rafi yana cikin dazuzzukan da aka kafa irin waɗannan kasuwanni. Amma gyaran da ya fi tasiri daga gona ya fito. Tun 1983 Tony Rinaudo da manoman yankin Maraɗi suka fara barin tohon kututture yana girma maimakon a sassabe shi. Wannan sassaben zamani ya maido da gawo da kalgo a miliyoyin hekta, gidaje da yawa suka koma samun itace daga gonarsu.

Da matatar man SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a ƙarshen 2011, Nijar ta samu gas nata na kanta, farashinsa ya sauka, gidajen birni suka soma rungumarsa. Gas yana kai kusan rabin zafinsa ga tukunya, babu hayaƙi, babu baƙin tukunya. Wutar lantarki kuwa ba ta zama abin dogaro ba: a watan Agustan 2023, da Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar, kowa ya ga haɗarin jingina tuwon dare da waya.

To, me ya sa duwatsu uku suke nan daram bayan shekara 40 ana wa'azin canji? Amsar tana cikin yadda kuɗi ke shiga gida. Itace ana sayensa kullum da 'yan canji, ko a tsinto shi. Gas kuwa sai an fara tara kuɗin tukunya da kan murhu, sannan in ya ƙare a biya na cikawa a dunƙule, a kuma je inda ake samunsa. Magidancin da ke cin na yau da abin da ya samu yau ba ya iya wannan, ko da ya san a wata gas ɗin zai iya fi masa araha. Ga kuma tukunyar tuwon mutum 15, wadda tuƙinta ke son murhu mai ƙarfi a ƙasa.

Iyaye da malamai, akwai kuɗin da ba a rubutawa. Itacen da muke kira na kyauta, galibi da lokacin 'ya'ya mata ake biyansa, lokacin da ya kamata su yi a aji ko a kan darasi. Hayaƙin kuma huhun uwa da na goyonta yake shiga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida yana kashe mutum kimanin miliyan 3 a shekara. Ga shi yanzu 'yan bindiga sun sa shiga dajin kan iyaka ya zama kasada.

Wannan tarihi ya nuna gyaran da ba ya neman jari shi ne mai ɗorewa. Mai hali ya sayi gas. Wanda bai kai ba, ya gina murhun laka, ya busar da itace, ya jiƙa wake tun dare, ya rufe tukunya, ya bar toho a gona. Malami kuma yana da darasin lissafi a shirye: ɗalibai su auna itacen da ke tafasa lita 5 na ruwa a kan duwatsu uku, su sake aunawa a murhun laka, su kai sakamakon gida wurin iyayensu mata.