Kakar 1992: shekarar da aka binne kofunan Lancashire da Yorkshire

Tun da aka soke maimaita wasa a gasar FA Cup daga kakar 2024/25, wai don manyan ƙungiyoyi suna kukan wasanni sun yi musu yawa, nake ganin ana ta musu a nan. Wasu na cewa lafiyar 'yan wasa ce gaba da komai, wasu na cewa an toshe wa ƙananan ƙungiyoyi hanyar abinci. Ni dai abin ya tuna mini da wani tsohon labari a wani wasan daban, a ƙasar Ingila ɗin dai. Ku yi haƙuri, rubutun da ɗan tsawo.

Wasan shi ne zari-ruga, amma irin na 'yan wasa 13, wanda ake yi a arewacin Ingila. Asalinsa ma rigimar kuɗi ce. Ranar 29 ga Agusta 1895, a otal ɗin George da ke Huddersfield, ƙungiyoyi 22 suka ɓalle daga hukumar zari-ruga ta Ingila, saboda ta hana su biyan 'yan wasa ladan aikin da suke rasawa idan sun zo wasa ranar Asabar. 'Yan wasan nan leburori ne, masu haƙar kwal da ma'aikatan masaƙa. Ɗan mai kuɗi a kudu zai iya yin wasa kyauta, amma wanda za a yanke wa kuɗin yini a mahaƙa, ina zai iya? Shi ya sa har yau wasan yake manne da garuruwa irin su Wigan, St Helens, Wakefield, Castleford da Featherstone, garuruwan da mu masu kallon Firimiya ba mu cika jin sunansu ba.

A 1905 aka ƙirƙiro kofuna biyu na sili ɗaya ƙwale, ɗaya na yankin Lancashire a yamma, ɗaya na Yorkshire a gabas. Wigan ce ta ɗauki na Lancashire na farko, bayan ta maimaita wasa da maƙwabciyarta Leigh. Hunslet kuma ta doke Halifax ta ɗauki na Yorkshire. A farkon kaka ake buga su, lokacin da sanyi ya fara shigowa, kafin gasar lig ta yi nisa. Wasa huɗu kacal za ka ci ka ɗaga kofi. Kuma kowane wasa da maƙwabci ne, wanda kuke shiga mota ɗaya ko rami ɗaya da magoya bayansa ranar Litinin. A da, babban burin kowace ƙungiya shi ne ta haɗa kofuna huɗu a kaka guda, har da kofin yankinta, kuma uku ne kawai suka taɓa yi: Hunslet a 1908, Huddersfield a 1915, Swinton a 1928.

To, mu zo kan 1992.

Ranar Lahadi 18 ga Oktoba aka buga wasannin ƙarshe. A Lancashire, Wigan ta je har gidan St Helens, filin Knowsley Road, gaban mutum sama da dubu 20, ta ci 5 da 4. Wanda bai san wasan ba zai ɗauka an sha ruwan ƙwallaye. A'a. A wannan wasa, idan ka kai ƙwallo bayan layin abokan karawa ka dangwarar, maki 4 ne, bugun raga maki 2, bugun da ake yi ana cikin wasa maki 1. Wasan da aka saba tashi 20 da wani abu, a tashi 5 da 4, ka san an yi minti 80 ana gwabza ƙashi ba wanda ya ba wani hanya. Wannan ne karo na 21 da Wigan ta ɗauki kofin, babu wadda ta kai ta.

Wigan ta lokacin kuwa ba sa'ar kowa ba ce. Kocinta John Monie ɗan Ostireliya, tana da Shaun Edwards, tana da Frano Botica, ga Martin Offiah, haifaffen Landan wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, da ta saya daga Widnes a farkon shekarar kan fam dubu 440, kuɗin da ba a taɓa sayen ɗan wasan ba a duniya a lokacin. Kofin Challenge Cup na ƙasa baki ɗaya sau takwas a jere ta ɗauka, daga 1988 zuwa 1995. A wajen irin wannan ƙungiya, kofin Lancashire ƙarin kaya ne a kan jaki.

Kuma gaskiya, in za a yi adalci, kukan nasu da hujja. Ku duba watan nan kaɗai. An buga wasan ƙarshe ranar 18. Ranar 24, Birtaniya ta kara da Ostireliya a wasan ƙarshe na kofin duniya a Wembley, da 'yan Wigan da dama a ciki, ta sha kashi 10 da 6. Ranar 30, Wigan ta karɓi Brisbane Broncos a wasan zakarun duniya, aka doke ta a gida 22 da 8. Manyan wasanni uku cikin kwana 13, a wasan da mutum mai nauyin buhun masara yake karo da kai da gudu. Ba na raina wannan.

Amma ku tsallaka tsaunukan Pennine zuwa Leeds, a rana guda. A filin Elland Road, Wakefield Trinity ta doke Sheffield Eagles 29 da 16. 'Yan kallo ba su kai dubu 8 ba, kuma masu son a soke gasar sun samu abin nunawa da wannan adadi. Sai dai ku duba su wa suka buga. Wakefield tsohon gida ne, ta yi tashe a shekarun 1960, daga nan ta shiga fari. Sheffield kuwa a 1984 aka kafa ta, shekararta takwas ke nan, a garin da ƙwallon ƙafa ya cinye komai. Babu ɗaya daga cikinsu da za ta iya jan numfashin kaka guda tana bin Wigan a lig. Wasa huɗu da maƙwabta kam, za ta iya. Gwarzon wasan ma yaro ne ɗan shekara 18, Nigel Wright na Wakefield. Shekara na zagayowa Wigan ta saye shi. Haka abin yake tafiya.

Ba kuma wannan ne karon farko ba. Workington Town ta doke Wigan a wasan ƙarshe na Lancashire a 1977, Barrow ta doke Widnes a 1983. Garuruwa ne can gefen teku a arewa maso yamma, waɗanda ba su da wata ranar biki ta ƙasa in ba irin wannan ba.

Akwai wani abu da ya sa kakar nan take tsaya mini a rai. Kwana biyar kafin wasannin, ranar 13 ga Oktoba 1992, minista Michael Heseltine ya sanar cewa za a rufe mahaƙan kwal 31, mutum kusan dubu 30 za su rasa aiki. Da yawa daga cikin mahaƙan a Yorkshire suke. Parkside, ta ƙarshe a yankin kwal na Lancashire, kusa da St Helens, a 1993 aka rufe ta. Wato a shekarar da garuruwan nan suke rasa aikin da ya haifi wasan, a ita aka ɗauke musu kofin da ya fi kusa da hannunsu. Ba ina cewa ɗaya ne ya jawo ɗaya ba. Amma wanda ya yanke shawara a ofis yana lissafin ranakun kalanda, wanda yake tsaye a filin Belle Vue na Wakefield kuma wani lissafin yake yi.

A 1993 aka soke kofunan biyu, bayan shekara kusan 90, da hujjar cunkoson wasanni. Abin da ya biyo baya ne yake sa ni shakkar hujjar. A 1995 kamfanin Rupert Murdoch ya zo da fam miliyan 87, aka kafa Super League a 1996, aka mayar da wasan daga hunturu zuwa bazara don talabijin. Har aka kawo shawarar a haɗe Wakefield da Castleford da Featherstone su zama ƙungiya ɗaya, sai da magoya baya suka yi bore aka janye. Gurbin da aka samu a kalanda, ba ƙananan ƙungiyoyi ne suka amfana da shi ba.

Filayen ma sun tafi. Central Park na Wigan an bar shi a 1999, babban kanti ne a wajen yanzu. Knowsley Road an rufe shi a 2010. Sheffield ta yi abin mamaki a 1998, ta doke Wigan 17 da 8 a Wembley ta ɗauki Challenge Cup, amma shekara ɗaya bayan nan rashin kuɗi ya sa aka haɗe ta da Huddersfield, sai da aka sake kafa ta daga tushe.

A 2019 hukumar wasan ta ƙirƙiro wani sabon kofi, 1895 Cup, musamman don ƙungiyoyin da ba sa cikin Super League, saboda su ma su samu ranar zuwa Wembley. A wasan ƙarshe na 2024, ku canki su wa suka haɗu? Wakefield Trinity da Sheffield Eagles. Wakefield ta ci 50 da 6.