Firgitar Farat Ɗaya a Rayuwar Yau da Kullum: Fahimtarta da Neman Maganinta a Ƙasar Rano da Kibiya

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci firgitar farat ɗaya, wato matsanancin tsoro da ke afka wa mutum ba tare da wani abin tsoro a gabansa ba, bisa la'akari da yanayin karkarar kudancin Kano, musamman mazaɓar Zinyau ta Ƙaramar Hukumar Rano da maƙwabciyarta Kibiya. An dogara da rubuce-rubucen likitanci da binciken da aka riga aka gudanar a ƙasar Hausa. Matsayar maƙalar ita ce, fassarar da aka ba wa firgitar farko tana da babban tasiri a kan ko lamarin zai wuce ko zai zama ciwo mai daɗewa, don haka bayani ingantacce a ƙaramin asibiti, bayan an tabbatar da lafiyar zuciya, shi ne maganin da ya fi araha kuma aka fi sakaci da shi.

Gabatarwa

Likitoci sun daɗe da sanin wannan lalura kafin su ba ta suna na kanta. A 1871 Jacob Da Costa ya bayyana bugun zuciya da sarƙewar numfashi a jikin sojojin yaƙin basasar Amurka waɗanda ba a gano wata illa a zukatansu ba, a 1895 kuma Sigmund Freud ya sanya irin waɗannan alamomi cikin ciwon fargaba. Donald Klein ne ya lura, a farkon shekarun 1960, cewa maganin imifiramin yana tsayar da firgitar amma ba ya kawar da zullumin da ke biyo bayanta, abin da ya nuna cewa abubuwa biyu ne mabambanta. Daga nan kundin DSM na Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ya ware ta a bugunsa na uku a 1980. Bugu na biyar, na 2013, ya lissafa alamomi 13, ya kuma ce ana kiran abu firgitar farat ɗaya idan huɗu daga cikinsu ko fiye suka haɗu kuma suka kai ƙololuwa cikin 'yan mintoci. Daga cikinsu akwai bugun zuciya, gumi, makyarkyata, sarƙewar numfashi, ciwon ƙirji, tashin zuciya, jiri, jin jiki ya yi baƙo ga mai shi, da tsoron mutuwa ko haukacewa.

Akwai bambanci tsakanin firgitar da ciwon firgita. Ana cewa mutum yana da ciwon ne idan abin ya riƙa dawowa ba zato, kuma ya shafe wata guda ko fiye cikin zullumin dawowarsa, ko ya sauya rayuwarsa don gudunsa. Nazarin da Peter de Jonge da abokan aikinsa suka wallafa a 2016, daga ƙidayar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, ya nuna kashi 13.2 cikin ɗari na mutane sun taɓa samun firgitar a rayuwarsu, alhali kashi 1.7 kacal ne suka kamu da ciwon. Wannan tazara mai faɗi ita ce tushen tambayar maƙalar: me ke sa abin ya wuce wa mafi yawan mutane, ya kuma zauna wa wasu?

Abin da ke faruwa a jiki

Jikin ɗan Adam yana da shiri na ko-ta-kwana, wanda Walter Cannon ya bayyana a 1915, da ke tanadar mutum don faɗa ko gudu idan haɗari ya taso. Wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa mai suna amigidala yana tayar da jijiyoyi, sinadarin adirenalin ya kwarara cikin jini, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya ƙaru, jini ya karkata zuwa manyan tsokoki. Manomin da ya taka maciji a kunyar dawa yana jin duk wannan, amma ba ya ruɗewa domin yana ganin dalilinsa. A firgitar farat ɗaya shirin ne ke tashi babu macijin, sai hankalin mutum ya koma kan jikinsa yana neman dalili a can.

Saurin numfashi yana da muhimmanci na musamman a nan. Idan mutum yana haki fiye da buƙatar jikinsa, iskar kabon da ke cikin jininsa tana raguwa, jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa su ɗan tsuke, sai jiri ya zo, gani ya dusashe, leɓɓa da 'yan yatsu su yi tsiriri kamar ana tsira musu allura, wani lokaci ma yatsun su ƙandare su lanƙwashe zuwa tafin hannu. Mai kallo da bai san wannan ba, idan ya ga budurwa tana haki, idanu a waje, hannuwa a ƙandare, tana cewa wani abu ya shaƙe mata wuya, ba abin mamaki ba ne ya ce iska ce ta buge ta. Yawanci abin yakan lafa cikin minti ashirin zuwa talatin ko an yi magani ko ba a yi ba, ya bar mutum a galabaice. Wannan lafawa ta ƙashin kanta ce ke sa duk abin da aka yi wa mutum a lokacin, tofi ne ko hayaƙi ko allura, ya samu shaidar cewa shi ya yi aiki.

Fassarar farko

A 1986 David Clark, masanin halayyar ɗan Adam na Ingila, ya gabatar da bayanin da har yau ake gina magani a kansa: firgitar tana ruruwa ne idan mutum ya fassara wani motsi na jikinsa a matsayin alamar halaka. Zuciya ta buga da ƙarfi, ya ce mutuwa ce ta zo, tsoron ya ƙara wa zuciyar gudu, gudun ya tabbatar masa da zatonsa. Abin da kowace al'umma take tsoro shi ne ke cike gurbin fassarar. A ƙasar Hausa faɗuwar gaba ba ta tsaya ga jiki ba, domin da yawa suna ɗaukarta ishara ce ta mugun labari ko ajali, shi ya sa mai firgita kan fara salati da kalmar shahada, yana neman yafiyar na kusa da shi, su kuma su ruɗe su taru a kansa, ruɗewarsu ta ƙara masa tabbacin cewa tasa ta ƙare. Idan abin ya lafa, sai a shiga neman wanda ya jawo shi: shafar aljannu ce, ko sammu, ko kambun baka, ko kurwarsa aka kama. A gidan da ake zaman kishi, ko tsakanin 'yan'uwa masu rikicin gona, irin wannan zargi yana iya raba zumunci, kuma wannan ɓarna ce da alƙaluman asibiti ba sa ɗauka.

Binciken da Mohammed Kabir da Zubairu Iliyasu da abokan aikinsu suka wallafa a 2004 a kan garin Karfi na Ƙaramar Hukumar Kura, wanda ba shi da nisa da ƙasar Rano, ya taimaka wajen fahimtar inda matsalar take. Daga cikin manya 250 da aka tambaya, alamomin taɓin hankali da aka fi ambata su ne faɗa da ɓarna, yawan surutu, baƙuwar ɗabi'a da yawon banza. Shaye-shaye ne aka fi ɗora wa laifi, sai hukuncin Allah, sai sihiri da aljannu. Kimanin kashi 46 cikin ɗari sun zaɓi asibiti, kashi 34 kuma sun fi karkata ga maganin addu'a. Mai firgita ba ya cikin wannan siffa ko kaɗan: ba ya duka, ba ya yawo, yana noma yana ciniki yana sallah a kan lokaci. Don haka ba shi ba, ba danginsa ba, babu wanda zai yarda a haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa, musamman idan budurwa ce da ake jin tsoron sunan hauka ya hana ta aure. Gwajin jini kuma ba ya nuna komai. Lalurar ta faɗa tsakanin gida biyu, ba ta da mai ita.

Hakan na iya zama ɗaya daga cikin dalilan da suka sa ƙidaya ke nuna ƙarancin irin waɗannan cututtuka a Nijeriya. Binciken Oye Gureje da abokan aikinsa na 2006, wanda aka yi a yankin Yarabawa, ya samu kashi 12.1 cikin ɗari sun taɓa fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, cututtukan fargaba ne a kan gaba, kuma ko cikin masu tsananin ciwo waɗanda suka samu magani ba su kai ɗaya cikin goma ba.

Gudun wuri da ɓoyuwarsa

Illar da ta fi daɗewa ita ce gudun wuraren da mutum ke jin ba zai iya fita da sauri ba idan abin ya taso masa. Ga namiji a Zinyau ko Rurum ko Kibiya, wannan yana nufin ya daina shiga tsakiyar kasuwa ranar cinta, ya koma sahun ƙarshe kusa da ƙofa a masallacin Juma'a, ya ƙi shiga motar haya zuwa Kano sai da ɗan rakiya, a hankali sana'arsa ta tsuke, a fara ce masa rago ko matsoraci. Ga matar aure kuwa, duk da cewa bincike a ƙasashe da dama ya nuna mata sun ninka maza wajen kamuwa da ciwon, zaman kulle yana rufe alamar gaba ɗaya, domin wadda ta daina zuwa biki da suna da awon ciki ana iya yaba mata da kamun kai alhali tsoro ne ya tsare ta. Rashin zuwa awon cikin shi ne abin damuwa mafi girma. Tarbiyyar kunya da dauriya, duk da kyawunta, tana hana mace faɗin abin da ke damunta sai ya bayyana a jiki.

Hanyar neman magani

Matakin farko yawanci gida ne: tofi, rubutun sha, habbatus sauda, turaren hayaƙi. Daga nan sai malami mai ruƙiya, wadda ta yaɗu ƙwarai a Kano tun bayan aukuwar faɗuwar 'yan mata a makarantun sakandare a tsakiyar shekarun 1990, lamarin da Susan O'Brien ta yi nazari a kansa. Sai kuma kemis, inda akan ce maleriya ce ko taifot ko hawan jini, a yi ƙarin ruwa, a ba da diyazefam. Wannan magani yana kwantar da firgitar nan take, amma jiki yana sabawa da shi cikin makonni, kuma barinsa farat ɗaya yana tayar da irin alamomin da aka sha shi dominsu. Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa suna birnin Kano ne, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da asibitin Dawanau, kuma kuɗin mota da asarar yinin aiki, balle a tsakiyar damina, sun isa su hana talaka zuwa.

Addu'a ba abokiyar gabar magani ba ce a wannan lalura. Zikiri cikin natsuwa yana daidaita numfashi, kuma malamin da ya ce wa mutum ajali ba ya zuwa sai lokacinsa ya rage masa tsoro. Cutarwa tana zuwa ne idan aka tabbatar wa mai firgita cewa wani abu na zaune a jikinsa, aka shaƙa masa hayaƙi mai sarƙe numfashi ko aka dake shi, domin hakan yana ƙarfafa ainihin fassarar da ke rura ciwon.

Aikin ma'aikacin lafiya na matakin farko

Kafin a ce wa mutum firgita ce, wajibi ne a kore cututtukan da ke kama da ita, kuma a ƙasar Hausa akwai guda da ba a wasa da ita. Tun shekarun 1970 Davidson da Parry suka bayyana yawan gazawar zuciya ga mata masu jego a yankin Zariya, aikin da Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya ci gaba da shi a Kano. Mai jegon da ke haki, ƙafafunta suka kumbura, ba ta iya kwanciya sai ta jingina, zuciyarta ake dubawa da gaggawa, a tura ta Babban Asibitin Rano ko gaba. Haka nan ƙarancin jini, asma, farfaɗiya, faɗuwar sukari, yawan aikin ƙullutun maƙogwaro, da gubar maganin feshi ga manoman rani. Ya kamata a tambayi yawan goro da shayi da kofi da lemon ƙara kuzari, a tambayi taramol da wiwi da kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana sarrafa maganin tari mai ɗauke da shi a 2018. Ciwon ƙirji na farko ga wanda ya manyanta ana ɗaukarsa na zuciya ne har sai an tabbatar da akasin haka.

Idan an kore waɗannan, sai bayani, kuma ba a yinsa da cewa "lafiyarka ƙalau", domin wanda ya ji mutuwa a ƙirjinsa ba zai gaskata ba, zai dai fita ya nemi wani. Ana gaya masa cewa abin da ya ji gaskiya ne, yana da suna, ga yadda yake tashi, ga dalilin jirin da ƙandarewar yatsu, kuma firgitar ita kanta ba ta kisa ba ta haukatarwa. Ana koya masa shaƙar iska ta hanci a hankali da fitar da ita a tsawaice, ana roƙon dangi su rage taro, mutum ɗaya ya zauna kusa da shi yana magana a natse. Sannan a shirya masa komawa wuraren da ya guda mataki-mataki, bakin kasuwa kafin tsakiyarta, domin gudun ne ke raya tsoron. Wannan shi ne jigon maganin gyaran tunani da ɗabi'a da aka gina a kan aikin Clark. Ga wanda abin ya yi wa tsanani akwai magunguna irin su fuluwoksetin da satralin, waɗanda ke ɗaukar makonni kafin su yi aiki kuma suna iya ƙara fargaba a kwanakin farko, abin da dole a faɗa wa mara lafiya don kada ya watsar da su.

Tsarin da zai ɗauki wannan aiki yana nan a rubuce. Shirin mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda aka ƙaddamar a 2008 don horar da ma'aikatan da ba ƙwararru ba, ya ƙara babi a kan cututtukan fargaba a 2023, kuma a watan Janairun shekarar Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Abin da ya rage wa Hukumar Lafiya Matakin Farko ta Jihar Kano shi ne horar da ma'aikatan ƙananan asibitocin Rano da Kibiya a harshen Hausa, shigar da tambayar faɗuwar gaba cikin awon ciki da rigakafin yara, da zama da masu kemis da malaman ruƙiya a kan alamomin da ke wajabta tura mutum asibiti.