Killace Manhaja da Tarihin Izini a Kwamfutocin Linux

Killace manhaja shi ne a tsare kowace manhaja cikin shingenta, ta yadda ba za ta taɓa fayil, kyamara, makirufo ko intanet ba sai abin da aka yarje mata. Mai wayar Android a kasuwar Talata Mafara ya saba da wannan ko da bai san sunansa ba: manhaja ta nemi ganin hotuna, waya ta tsaya ta tambaye shi. Abin mamaki shi ne kwamfutar tebur da ta tafi-da-gidanka masu aiki da Linux, waɗanda cibiyarsu ɗaya ce da ta Android, sun daɗe ba su da irin wannan kariya, kuma har yau ba ta kammala ba. Rashin kayan aiki bai jawo jinkirin ba. Tsarin ya taso ne yana tambayar wane mutum ne ke zaune gaban na'ura, aka yi shekaru da dama kafin ya koyi tambayar me wannan manhaja ta zo yi.

Asalin abin yana cibiyar bincike ta Bell a Amurka, inda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara Unix a 1969. A wancan zamani kwamfuta ɗaya ce mutane da yawa ke rabawa, don haka wanda ake jin tsoro shi ne abokin aiki, kada ya leƙa fayil ɗinka ko ya goge shi. Aka tsara izini iri uku, karantawa da rubutawa da gudanarwa, aka raba su tsakanin mai fayil da rukuninsa da sauran jama'a. Ita manhaja an ɗauke ta tamkar hannun wanda ya kunna ta, duk inda hannunsa zai kai ita ma za ta kai. Da Linus Torvalds ya fito da Linux a 1991 wannan gado ya ɗauka, kuma ma'anarsa a kwamfutar mutum ɗaya ita ce ƙaramar manhajar lissafi tana da ikon karanta wasiƙu da hotuna da takardun banki, daidai da mai su. Tsarin nuna hoto a allo, wato X11 na 1987, ya ƙara faɗaɗa ɓarakar, domin a cikinsa kowace taga na iya sauraron abin da ake bugawa a wata tagar, har da kalmar sirri, ta kuma ɗauki hoton allon gaba ɗaya ba tare da sallama ba. Masana sun san illar tun da wuri. A 1975 Jerome Saltzer da Michael Schroeder sun rubuta ƙa'idar cewa kada a ba kowace manhaja iko fiye da abin da aikinta ke buƙata.

Kayan gina shingen sun yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya: chroot a 1979, kurkukun FreeBSD a 2000, SELinux da hukumar tsaron Amurka ta NSA ta saki a ƙarshen shekarar, sai seccomp a 2005 mai taƙaita buƙatun da manhaja ke iya miƙa wa cibiya, da dabarar nuna wa manhaja wani yanki na na'ura kamar shi ke nan duniya, wadda ta nuna sosai a 2013. Manyan kwamfutocin kamfanoni ne suka ci moriyarsu, musamman bayan fitowar Docker a wannan shekarar. Kwamfutar gida kuwa ta dogara da wata kariya daban, wato amana. Rarrabe-rarraben Linux irin su Debian, wanda aka kafa a 1993, suna da rumbun manhajoji da 'yan sa-kai ke dubawa, su haɗa, su sa hannu. Tunanin shi ne idan an tace abin da ke shigowa gida, ba sai an kulle ɗakuna ba.

Wannan hujja tana da ƙarfi, kuma ta yi aiki shekaru masu yawa. Sai dai tana tsaye ne kan zaton cewa kowa daga rumbu yake ɗibar manhaja, da intanet mai araha da ba ya yankewa. A Bakura ko Maradun zaton ba ya tsayuwa. Manhaja tana yawo ne hannu da hannu, daga filash ɗin mai shagon buga takardu zuwa kwamfutar ɗalibi, daga waya zuwa waya ta Xender, kuma ba wanda zai iya faɗin ta hannun mutum nawa ta biyo. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a faɗin jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, aka yi makonni babu rumbun da za a iya kaiwa gare shi. A irin wannan wuri kariyar da ke zaune cikin na'urar kanta ta fi wadda ke can nesa amfani. Cikin waɗanda suka ɗauki wannan da muhimmanci tun da wuri akwai masu shirin ba kowane yaro kwamfuta, wanda aka gwada a makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja a 2007. Ƙaramar kwamfutar XO mai launin kore da fari tana aiki da Linux, kuma Ivan Krstić ya tsara mata kariya mai suna Bitfrost. Kowace manhaja za ta bayyana abin da take buƙata tun wajen girkawa, an hana manhajar da ba a tantance ba haɗa izinin intanet da na karanta dukkan takardu, an kuma ɗaura ƙaramar fitila a jikin kyamara da makirufo ta yadda ba za su kunnu a ɓoye ba. Cikin ƙa'idojinsa har da cewa kariya kada ta dogara da iya karatun mai na'ura, tunda yaro ɗan shekara biyar ne zai riƙe ta. Ba a aiwatar da Bitfrost duka ba, shirin ma bai yaɗu a Najeriya ba, amma wannan ƙa'ida ta fi shirin tsawon rai.

Android, da ya fito a 2008, ya yi wata dabara mai sauƙi: ya ɗauki tsohon tsarin Unix ya mayar da kowace manhaja tamkar mutum daban mai lambarsa, sai bangon da aka gina tsakanin abokan aiki ya koma tsakanin manhajoji. Daga 2015 waya ta fara tambaya a lokacin da ake buƙatar izinin. Nan ne 'yan Najeriya suka ga iyakar tambaya da idonsu. Manhajojin ba da bashi sun riƙa neman izinin ganin lambobin waya kafin su ba da ko sisi, wanda ke cikin matsi kuma ba ya tsayawa muhawara da allo, sai ya danna amincewa. Ranar biya ta wuce da kwana biyu, sai saƙon tozarci ya isa ga suruki da maigida da liman. A watan Agusta na 2021 hukumar NITDA ta ci tarar kamfanin Soko Lending naira miliyan 10 kan keta sirrin masu karɓar bashi, kuma a ƙarshen Mayu 2023 Google ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotuna kwata-kwata. An nemi izini, an kuma bayar, amma izinin da ake bayarwa dunƙule, ko duka ko babu, bai kare kowa ba.

Abin da Linux na tebur ya zo da shi daga baya ya fi wannan wayo, ko da yake ya makara. Alexander Larsson na kamfanin Red Hat ya fara aikin da aka raɗa wa suna Flatpak a 2016, kamfanin Canonical kuma ya kawo Snap cikin Ubuntu a shekarar. Muhimmin sashen Flatpak shi ne mashigai. Idan manhajar gyaran hoto da ke killace tana son buɗe fayil, ba ita ke nuna jerin fayiloli ba. Tsarin ne ke buɗe tagarsa daga wajen shinge, mutum ya zaɓi hoton da yake so, a miƙa wa manhajar wannan hoton shi kaɗai, sauran ko sunayensu ba ta gani ba. Ba a yi masa wata tambaya ba, zaɓin da ya yi shi ne izinin. Manomin da ke ban-ruwa a ƙarƙashin madatsar Bakolori ya san bambancin: ba a fasa babbar hanyar ruwa don gona ɗaya, ƙofar da ke kan fegin ake ɗagawa, ruwan ya shiga gwargwado a mayar a rufe. Amma shingen bai da amfani muddin X11 na nan, kamar yadda Matthew Garrett ya nuna a watan Afrilu na 2016, da ya rubuta wata manhajar 'yar tsana a Snap wadda ke satar abin da ake bugawa a wasu tagogi. Sai da Wayland, wanda Kristian Høgsberg ya fara a 2008, ya maye gurbin X11 a Fedora a 2016 da Ubuntu a 2021, kafin a toshe wannan kafa.

Masu suka suna da maganganu uku, kuma ba wadda za a yi watsi da ita. Ta farko ita ce shingen na jeka-na-yi-ka ne, tunda manhajoji da yawa a Flathub, rumbun manhajojin Flatpak, suna zuwa da izinin shiga duk fayilolin mutum. Gaskiya ne, dalilin kuwa shi ne an rubuta su tun kafin a ƙirƙiro mashigai, kuma da an tilasta musu a rana ɗaya da sun daina aiki, jama'a su gudu. Bambancin shi ne yanzu izinin a rubuce yake, ana ganinsa kafin girkawa, ana kuma iya janye shi da manhaja irin Flatseal, alhali a da ba ma abin da za a janye. Ta biyu ita ce nauyi. Manhajar farko da mutum zai sauke tana jawo ginshiƙin da za ta hau kansa, mai ɗaruruwan megabait, wanda ga ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau kuɗin data ne na gaske. Sauƙin da ke ciki shi ne manhajoji da yawa suna raba ginshiƙi ɗaya, kuma Flatpak na da hanyar kwafe manhaja da ginshiƙinta a filash tare da sa hannun rumbun, a girka a inda babu intanet.

Ta uku ta fi wuyar amsawa. A watan Maris na 2024 Andres Freund ya gano ƙofar baya da aka dasa cikin xz, ƙaramin kayan matse fayil da kusan kowane Linux ke ɗauke da shi, kuma wanda ya dasa ta ya yi sama da shekara biyu yana taimaka wa aikin har aka amince masa. Killace manhajojin tebur ba zai hana wannan ba, domin xz yana ƙarƙashin shingen ne, cikin ginin tsarin kansa. Abin da lamarin ya tabbatar shi ne tacewar rumbu ma tana iya kuskure, don haka kowace daga cikin kariyar biyu tana buƙatar 'yar'uwarta. Aikin yanzu ya karkata ga sa manhaja ta ɗaure kanta da kanta: OpenBSD ya kawo pledge a 2016 da unveil a 2018, Linux ya karɓi Landlock a 2021, Ubuntu kuma ya fara gwajin tambayar izini ga manhajojin Snap a fitowarsa ta Oktoba 2024.