Ina "Wai" Ta Tafi?

A Hausa muna da wata ƴar kalma mai harafi uku da ke aikin ɗan sanda a bakin zance, ita ce "wai". In na ce maka "wai hatsi ya yi tsada a Malbaza", na ba ka labari, kuma na cire wuyana, don ban gani da idona ba. A matsayina na ɗalibin ilimin harshe, ina ganin tarihin kafofin labarai a ƙasarmu, daga Ƙonni zuwa Illela, tarihin yadda wannan kalma ta yi ta raguwa ne a bakinmu.

Kafin radiyo, labari da ƙafa yake zuwa. Fatake su kawo, sanƙira ya yi shela, a tattauna ran kasuwa. Ka san mai maganar, ka san gidansu, ka san ko ya saba ƙari. Sai akwati mai magana ya iso. BBC ta fara Hausa a 1957, Radiyo Nijar ta buɗe a Yamai a 1958, ta Kaduna a 1962. Mu da ke bakin iyaka, kunnenmu ya zama mai ƙasa biyu. Daga nan wata sabuwar magana ta shigo: "an faɗa a radiyo". Ku lura da "an" ɗin nan. Babu suna a ciki, babu wanda za ka kama, amma ita ke kashe gardama. Masana biyu a Amurka, Horton da Wohl, sun bayyana dalilin tun 1956: muryar da ke shigo maka gida kullum, zuciya na ɗaukarta tamkar ta aboki, alhali mai ita bai san kana duniya ba.

Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, Nijar ta nemi maganin wannan da wuri. A 1962, zamanin Diori Hamani, aka kafa ƙungiyar Radiyo-Kulob. Mutanen gari sukan taru da dare a saurari shiri tare, kan noma ko lafiya ko haraji. Da an gama, mai jagorancin zaman, sau da yawa malamin lakwal ne, ya buɗe muhawara, ya ɗauki ra'ayin jama'a a na'ura, a aika Yamai, a sake watsa shi. E, gwamnati na da tata manufa a ciki, ba na musu. Amma dubi tsarin: tsakanin akwati da zuciyarka akwai taro. Akwai tsohon da zai ce "kai, anya?" Akwai mai cewa "in ji wa?" Nan "wai" take samun wurin zama.

Ko bayan radiyoyi masu zaman kansu sun fito a shekarun 1990, wannan ɗabi'a ba ta mutu ba. Ta koma fada, wurin shayi, inda samari ke jin labarai suna musu har gawayi ya mutu.

Salula ta shigo a 2001 da kamfanin Celtel. Ta yi mana rana, ba ƙarya: ɗan kasuwa a Ƙonni na jin farashin Maraɗi ba tare da ya hau mota ba. A 2013 kuma WhatsApp ya kawo saƙon murya. Ga wanda bai yi boko ba, wannan ƴanci ne. Sai dai muryar ta gaji amanar da kakanninmu suka ba radiyo, ba ta gaji taron ba. Kai kaɗai kake ji, da abin kunne, cikin ɗaki. Wani bincike na 1977, na Lynn Hasher da abokan aikinta, ya nuna cewa maganar da mutum ya ji sau da yawa yakan ƙara yarda da ita, ko da ƙarya ce. To ga saƙo guda ya zo maka ta rukuni huɗu. Zuciya ta ƙirga shaidu huɗu, alhali baki ɗaya ne. Kakanninmu sun riga masanan gano haka, shi ya sa suka raɗa wa abin suna ji-ta-ji-ta.

A 2018 WhatsApp ya fara liƙa alamar da ke nuna cewa turo saƙo aka yi. Ita ce "wai" ɗinsa. Amma a rubuce take, ƴar mitsitsiya, ga kuma mutanen da suka zaɓi murya don ba su karatu.

Shi ya sa nauyin ya dawo kanmu, ƴan uwa ɗalibai, mu da iyaye ke miƙo wa waya su ce "duba min". Ranar da aka ce an buɗe iyaka, ko wani magani na kisa, wani zai yi asarar jari, wata za ta hana ɗanta allura. Kafin ka tura, ka ɗauki muryarka ka ce "wai". Ka kunna saƙon a fada, a ji tare, ka bar mai "in ji wa?" ya yi aikinsa.