Tsafi da Fartanya: Abin da Tarihin Noma Zai Koya wa Mai Ƙaga Duniyar Labari

Duk wanda ya karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, waɗanda suka fito daga gasar ƙagaggun labarai da Rupert East ya shirya a Zariya cikin 1933, ya san cewa sihiri ba baƙo ba ne a adabin Hausa na zamani. Sai dai idan aka lura, galibinsa sihirin matafiyi ne da na mayaƙi: aljani ya sunkuci jarumi ya kai shi wata ƙasa, ko a sha wuya a samo ruwan da zai warkar da ɗan sarki. Ba a cika tsayawa a tambayi wanda ya noma tuwon da jarumin ya ci kafin ya kama hanya ba. A yanzu kuwa matasan marubuta sun fara ƙaga ƙasa sukutum, da sarakunanta da addininta da tarihinta, har wasu na son su kai labarin can farkon zamani, lokacin da mutane suka fara shuka. A nan ne akan yi tuntuɓe, domin abin da aka fi gani shi ne matsafi ya ɗaga sanda, rumbu ya cika. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa tarihi bai san irin wannan tsafi ba. A ko'ina aka haɗa noma da tsafi, tsafin bai ɗauke wa kowa wahalar fartanya ba. Abin da ya riƙe shi ne lokaci da izini, daga nan kuma ya haifi sarauta da haraji.

Ba gaskiyar tsafi ko ƙaryarsa muke tattaunawa ba, wannan kowane Musulmi ya san hukuncinsa. Abin nazari shi ne aikin da imani da shi ya yi cikin al'ummomin da suka shuɗe.

Mu fara da ƙasar Sumer, wato kudancin Iraƙi na yau, tsakanin kogunan Dijla da Furat. Ruwan sama bai isa noma a can ba, sai an haƙa magudanai an janyo ruwan kogi. A birnin Uruk, cikin harabar ɗakin bautar Inanna, aka tono allunan yumɓu na wajen shekara 3200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), waɗanda ke cikin rubuce-rubuce mafi daɗewa da aka sani. Mafi yawansu ba waƙa ba ne, ba kuma addu'a ba: lissafin sha'ir ne da tumaki da abincin ma'aikata. Ke nan gidan bauta shi ne babban rumbu, kuma a bakin rumbun aka koyi rubutu. Akwai kuma wani matani na Sumer da ya haura shekara 3,500, inda manomi ke yi wa ɗansa wasiyya kan aikin shekara. Ya faɗa masa yadda zai jiƙa gona, da yadda zai gyara garma, da tazarar kunya, da yadda zai zuba iri. Da shuka ta tsiro kuma ya umarce shi da ya roƙi Ninkilim, wadda suka ɗauka ita ke da iko da ɓerayen gona, sannan ya ci gaba da zancen ban ruwa. Roƙon ya zo ne a tsakiyar aiki, layi ɗaya cikin layuka masu yawa, kuma daidai inda dabarar manomi ta ƙare.

A Masar ta dā kuwa, rayuwa duka ta rataya ne a kan ambaliyar kogin Nilu. Sun danganta ta ga abin bautarsu Hapi, suna kuma duban fitowar tauraron Shi'ira da asuba a matsayin alamar ƙaratowarta. Amma tare da haka sun sassaƙa ma'aunai a jikin dutse, kamar na tsibirin Elefantin, domin tsawon ruwa shi ke nuna yawan amfanin gona, yawan amfanin kuma shi ke nuna harajin da za a aza. Wannan lissafi ya fi gumakan tsawon rai. A shekarar 861, ƙarƙashin daular Abbasiyawa, aka gina ma'aunin tsibirin Rauda a Alƙahira, inda ake fatan ruwa ya kai zira'i 16. Ambaliyar ba ta daina isa gonakin Masar ba sai da aka gina babbar madatsar Aswan, wadda aka kammala a 1970.

Masana sun daɗe suna muhawara kan ma'anar irin waɗannan al'adu. James Frazer, a littafinsa The Golden Bough na 1890, ya ɗauki tsafi a matsayin gurguwar kimiyya, wato kuskuren mutumin da bai gane dalilan abubuwa ba. Bronislaw Malinowski, wanda ya zauna da mutanen tsibiran Turobiriyan a gabashin Niyu Gini tsakanin 1915 da 1918, ya ga wani abu dabam, ya kuma bayyana shi a Coral Gardens and Their Magic cikin 1935. Mutanen nan ƙwararrun manoman doya ne, sun san ƙasa mai kyau da marar kyau, ba su kuma taɓa zaton tsafi zai gyara shingen da aka yi wa aikin ganin ido ba. Amma matsafin gona, wanda suke kira towosi, shi ke buɗe kowane mataki na aiki: ba a sassabe, ba a ƙona, ba a shuka, ba a tono sai ya gabatar da nasa. Saboda haka shi ne agogon gari, shi ne kuma mai sa ido kan malalaci. A ganina Malinowski ya fi amfani ga marubuci nesa ba kusa ba, domin Frazer ya ba mu wawaye, shi kuwa ya ba mu mutane masu hankali da ke da abin tsoro.

Ba sai mun tsallaka teku ba kafin mu ga yadda wannan agogo ke zama mulki. A ƙasar Ibo, tarihin baka na Nri ya ce a lokacin wata yunwa aka umarci kakan sarakunansu ya yanka ɗansa na fari da 'yarsa; doya ta tsiro a kabarin namijin, gwaza a na macen. Saboda wannan hasara ce Eze Nri ya sami ikon haɗa maganin doya da tsarkake ƙasa idan an yi abin ƙyama, garuruwa kuma suna kai masa gaisuwa, alhali ba shi da rundunar yaƙi. Masana da dama na danganta kayan tagullar Igbo-Ukwu, waɗanda Thurstan Shaw ya fara tonowa a 1959 aka kuma ƙiyasta su a wajen ƙarni na 9, da irin wannan sarauta. Turawan mulkin mallaka sun gane inda ƙarfin yake, shi ya sa a 1911 suka tilasta wa Eze Nri ya saki ikonsa a bainar jama'a. A Wukari ma, kamar yadda C. K. Meek ya rubuta a 1931, Jukunawa na kiran Aku da sunayen amfanin gonarsu, ana kuma ruwaito cewa a dā idan fari ko yunwa ta tsananta, ransa na iya zama fansa. Mai riƙe da ruwan sama yana cin gaisuwa a shekarar albarka, a shekarar fari kuwa shi ake nema.

Chinua Achebe ya ɗauki wannan ƙulli ya gina Arrow of God a kansa cikin 1964. Ezeulu, babban mai hidimar Ulu, yana cin doya ɗaya daga cikin tsarkakan doyoyi duk tsayuwar wata, sai sun ƙare yake sanar da bikin sabuwar doya. Bature ya tsare shi, watanni suka tsaya ba ya gida, ya dawo ya ƙi kiran biki sai ya cinye ragowar. Doya na lalacewa a ƙasa, yunwa ta shigo, coci ta ce a kawo mata doyar godiya a je a yi girbi. Babu walƙiya ko tsawa a labarin, amma addini guda ya rushe a kan lissafin doya. Littafin ba na al'ajabi ba ne, duk da haka ban san wani da ya fi shi dacewa da mai son ƙaga duniya ya karanta ba.

To, ƙasar Hausa fa? Da farko sai a dubi hatsinta. Binciken masu tonon ƙasa ya nuna ana noman gero a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali tun wajen shekara 2500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), dawa kuma a gabashin Sudan, kusa da Kasala, tun wajen 3000. Dukansu amfanin damina ne, ba na magudana ba. Manomin gero ba ya bukatar mai raba ruwan kogi. Abin da ke hana shi barci shi ne ko ruwan farko na shuka ne ko na yaudara, ko za a yi fari bayan noman firi, ko fara za ta sauka. Don haka tsafinsa na duba ne da neman izini. Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara a 1908, ya nuna Barbushe a dutsen Dala, shi kaɗai ke shiga wurin Tsumburbura, jama'a na kawo baƙaƙen dabbobi, ya fito ya faɗa musu abin da shekara za ta zo da shi. Cikin manyan ƙasar kuma akwai maƙeri da mai dafa giya da mai magani da mai narka tama, kowa da muƙaminsa. An kuwa sami shaidar narkar da ƙarfe a Dala tun ƙarni na 7. Wanda ya narka tama shi ya ba manomi hauya, saboda haka ba abin mamaki ba ne a ga sana'o'in nan a gindin dutse ɗaya. Joseph Greenberg, a nazarinsa na 1946 kan Maguzawan Kano, ya tarar da Uwar Gona cikin iskokin da ake yi wa yanka, bikin buɗin daji kuma sananne ne a wajen Birnin Ƙonni.

Daga nan mai ƙaga duniya zai iya fara aikinsa. Ya fara zaɓen hatsi kafin ya zaɓi tsafi, domin ƙasar fadama da ƙasar tudu ba abu ɗaya suke tsoro ba. A ce a duniyarsa wata zuriya ce ke iya kiran hadari da gaske. Sai ya tambayi kansa: hadarin da aka janyo wa wannan gari, wane gari aka hana? Dami nawa ake ba mai kiran, wa ke ƙirgawa, da me ake rubuta lissafin? Idan 'yar gidan ce ta gaji baiwar, za a bari ta auri baƙo ta tafi da damina ƙauyen miji? Makiyayin da ke son ruwa a daji da manomin da ke son rana don shanya gero, wa za a saurara wa? A amsoshin nan ne garu da kasuwa da gaba tsakanin garuruwa za su fito da kansu, ba sai an liƙa su ba.

Sannan ya tuna cewa irin wannan iko ba ya mutuwa rana ɗaya. Tarihin Kano ya ce a zamanin Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka zo aka gina masallaci a gindin bishiyar tsafi, bishiyar tana nan tsaye. Sai a zamanin Muhammadu Rumfa, tsakanin 1463 da 1499, aka sare ta aka yi hasumiya a wurin. Tsakanin sarakunan biyu akwai wajen ƙarni guda na zama tare da jan-in-ja, wanda marubucin tarihin ya wuce cikin 'yan shafuka. A cikin shekarun nan an yi mutanen da kakanninsu suka kai baƙin bunsuru Dala, su kuma suka fita bayan gari sallar roƙon ruwa, kuma da hadari ya haɗo dukansu gona suka nufa da ƙwaryar iri.