Tarihin Foklif: Yadda Aka Samu Motar Ɗaga Kaya da Ire-irenta

Idan ka taɓa shiga babban sito ko masana'anta, ka ga wata 'yar mota mai ƙahoni biyu a gaba tana ɗaga kayan da ƙarti goma ba za su iya motsawa ba. Ita ce foklif. Kowane iri nata da kake gani yau, wata matsala ce ta haifar da shi.

A 1906 kamfanin jirgin ƙasa na Pennsylvania a Amurka ya fara amfani da amalanke mai batir wajen ɗaukar kayan fasinjoji a tashar Altoona. A 1917 kuma kamfanin Clark ya ƙera wata 'yar mota mai suna Tructractor don jigilar kaya cikin masana'antarsa. Baƙi suka gani, suka ce su ma a yi musu. Amma fa waɗannan jigila kawai suke yi, ba sa ɗaga kaya sama. Sai a 1923 kamfanin Yale ya fito da mai lantarki, wadda ƙahoninta ke hawa sama da kaya.

Abin da ya ba ta daraja sosai shi ne falet, wato katakon nan da ake jera kaya a kai, mai rami a ƙasa inda ƙahonin ke shiga. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, maza sun tafi fagen daga, ga kayan sojoji jibge suna jiran lodi. Nan foklif da falet suka zama dole.

Bayan yaƙi, masu sito suka ga gara a jera kaya sama a kan kantoci a matse hanyoyi, maimakon sayen ƙarin fili. Shi ya sa a 1954 kamfanin Lansing Bagnall na Ingila ya ƙera siririya mai miƙa ƙahoninta gaba, don shiga lungu. Toyota ta Japan ta shigo harkar a 1956.

Yau za ka ga:

• Mai nauyi a baya: ita ce aka fi sani.
• Siririya ta lungu: don kantoci masu tsayi.
• Ta hannu: ana ja, tana ɗan ɗaga falet daga ƙasa.
• Mai manyan tayoyi: don wuraren gini.

A cikin rufaffen sito an fi son mai batir, don hayaƙin mai dizal yana cutar da ma'aikata.

Abu ɗaya ka riƙe: wadda aka fi sani kamar sikeli take. Kaya a gaba, ƙarfe mai nauyi a baya, tayoyin gaba a tsakiya. Kaya ya wuce abin da aka rubuta a jikin farantinta, sai bayanta ya ɗaga ta kifa. Kuma da tayoyin baya take juyawa, don haka idan ka gan ta tana aiki, kada ka tsaya a bayanta, kada ka bi ta ƙarƙashin ƙahoninta.